Tsuntsayen Damina a Gaɓar Kogin Kaduna: Darasi Daga Tirkaniya

Gabatarwa

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa idan shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kukar bakin gari, to lokaci ya yi da zai gyara fartanya, ya fito da iri daga rumbu. Wannan sani ya samu ne ta hanyar lura shekara da shekaru, kaka yana gadar wa jika. Abin da ya rasa shi ne rubutu. Da wuya a sami dattijon da zai iya faɗin ranar da shamuwa ta iso garinsu shekara talatin da suka wuce, ko adadin sheƙunan da ta yi a wannan shekarar, balle a kwatanta da na bana.

A wasu ƙasashe an kafa tashoshi na musamman, galibi a bakin teku, waɗanda aikinsu shi ne rubuta irin wannan bayani kowace safiya. Wannan maƙala za ta bayyana yadda tashoshin suke aiki, da alaƙarsu da Arewacin Nijeriya. Daga nan za ta ɗauki gaɓar Kogin Kaduna ta wajen unguwar Tirkaniya a matsayin misali, ta nuna abin da mai lura zai iya gani a can a lokacin damina, da dalilan da suka sa ake ganinsa, da kuma yadda makarantar sakandare za ta iya yin aikin irin wannan tasha ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Mece Ce Tashar Nazarin Tsuntsaye?

Har zuwa ƙarni na 18 akwai masana a Turai da suka yi imani cewa tsattsewa tana nutsewa cikin taɓon tafki ne ta yi barci idan sanyi ya shigo, domin ba su san inda take ɓacewa ba. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a kusa da ƙauyen Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da wata doguwar kibiya irin ta mutanen Afirka a soke a wuyanta. Tsuntsuwar ta yi tafiyar dubban kilomita da kibiyar a jikinta. Har yanzu tana ajiye a Jami'ar Rostock, kuma tana daga cikin hujjojin farko da suka tabbatar wa Turawa cewa tsuntsayensu Afirka suke zuwa.

Bayan haka sai aka fara nazarin ƙaurar tsuntsaye bisa tsari. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Gätke ya shafe kimanin shekara hamsin yana rubuta tsuntsayen da ke sauka a tsibirin Heligoland, ya buga littafinsa a 1891. A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya ƙirƙiro dabarar sanya wa tsuntsu ɗan zoben gorar ruwa a ƙafa, mai ɗauke da lamba da adireshi, ta yadda duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa zai iya aiko da labari. An buɗe tashar Rossitten a gaɓar Tekun Baltik a 1901, da ta tsibirin Skokholm a Birtaniya a 1933, da ta Ottenby a ƙasar Suwidin a 1946.

Dalilin kafa su a bakin teku shi ne, tsuntsun da ya saba da tudu yana shakkar ƙetare ruwa mai faɗi. Saboda haka yakan bi gaɓa, ya taru da 'yan'uwansa a wurin da ƙasa ta ƙare, ko ya faɗa wa tsibirin farko da ya gani idan ya gaji. A irin wannan wuri ƙirga tsuntsaye ya fi sauƙi. Ayyukan tashar guda uku ne:

1. Ƙirgar kullum: mai lura yana bin hanya guda, a lokaci guda, kowace rana, yana rubuta kowane iri da adadinsa.
2. Sanya zobe: ana kama tsuntsu da raga mai laushi, a sa masa zobe, a sake shi nan take.
3. Awo: ana auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a duba yawan kitsen da ke ƙirjinsa.

A watannin Yuni, Yuli da Agusta, wato lokacin zafin Turai, ƙaura takan lafa a waɗannan tashoshi. Ma'aikata sukan koma ga ƙirga sheƙunan tsuntsayen teku da sanya wa 'ya'yansu zobe, suna kuma rubuta sauran halittun da suka gani, kamar malam-buɗe-littafi da manyan dabbobin ruwa. Waɗannan watanni su ne tsakiyar damina a ƙasar Hausa, kuma a nan lokacin yana da nasa baƙin, kamar yadda za a gani a gaba.

Alaƙar Tashoshin da Arewacin Nijeriya

Wani abu da ya faru a 1969 ya nuna amfanin ƙirgar kullum. A wannan shekara masu lura a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya saba cika shingayen gonakinsu, bai dawo da yawa ba. Da aka haɗa alƙaluma sai aka ga ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. An bincika ba a sami wata cuta ko guba a Turai da za a ɗora wa laifi ba. A ƙarshe masana suka gano cewa ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel a daminar 1968 shi ne sanadi, domin a nan tsuntsun yake yin rani, kuma a nan yake tara kitsen da zai ƙetare Sahara da shi. Wannan ƙarancin ruwa shi ne mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973, wadda dattawan Katsina, Sakkwato da Maraɗi ba su manta da ita ba. Ashe littafin mai ƙirga tsuntsaye a Ingila ya nuna alamar masifar tun kafin duniya ta farga da ita.

A Nijeriya ma an yi irin wannan aiki. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Daga cikin waɗanda suka kafa ta akwai John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Robert Sharland wanda ya daɗe yana sanya wa tsuntsaye zobe a Kano, da Hilary Fry wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1967 wasu masana, ciki har da Fry, suka je Malamfatori a bakin Tafkin Cadi, suka auna tsuntsayen da ke shirin komawa Turai, suka nuna yadda suke tara kitse kafin su fuskanci hamada. A Legas, Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta buɗe gandun Lekki a kusa da teku a 1990. A 2001 kuma aka kafa Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum da ke Laminga kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda ake horar da ɗaliban digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Ya zuwa yanzu an rubuta sama da irin tsuntsaye 900 a Nijeriya.

Me Ya Sa Tirkaniya?

Tirkaniya unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, maƙwabciyar Nasarawa da Kudandan, ba nisa da masana'antun Kakuri. Tsakaninta da teku akwai ɗaruruwan kilomita. Duk da haka babban kogi yana yi wa tsuntsu wani abu makamancin abin da gaɓar teku ke yi masa: hanya ce da ake gani daga sama, ga ruwa, ga ciyawa, ga ƙwari da kifi. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Neja a ƙasar Nufe. A cikin birnin Kaduna yana da duwatsu a tsakiyarsa, da tsibiran yashi da ke fitowa da rani, da fadamu a gefe inda ake noman lambu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mazauni ne na tsuntsaye daban.

Abu na biyu shi ne matsayin birnin. Kaduna tana tsakanin kurmin kudu da sahel na arewa, don haka duk tsuntsun da ke kai da komo tsakanin yankunan biyu sai ya ratsa irin wannan ƙasa sau biyu a shekara. Abin da ke tafiyar da wannan kai da komo kuwa shi ne iska. Akwai busasshiyar iska da ke busowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce ke kawo hunturu. Akwai kuma iska mai laima da ke busowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ita ce ke kawo hadari. Iyakar da ke tsakanin su biyun tana matsawa arewa daga watan Fabrairu zuwa Agusta, sannan ta komo kudu. Shi ya sa ruwa ke sauka a Kaduna tun watan Afrilu, ya isa Kano wajen ƙarshen Mayu, ya isa Maraɗi cikin Yuni. A Kaduna damina takan kai watan Oktoba, ruwan da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000, mafi yawansa a Agusta da Satumba.

Duk inda ruwan farko ya sauka, ciyawa takan tsiro, shinge ya tashi daga suri, fara da tsutsotsi su ƙyanƙyashe. Wannan abinci shi tsuntsaye suke bi.

Rukunonin Tsuntsaye Uku

Masana sun kasa tsuntsayen wuri irin wannan gida uku.

Na farko su ne mazauna, waɗanda ake gani duk shekara, kamar kurciya, hasbiya, hankaka da ragon maza.

Na biyu su ne baƙin Turai da yammacin Asiya. Wani ƙiyasi da aka buga a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan biyu ne ke barin Turai zuwa kudancin Sahara kowace shekara. Wasunsu nauyinsu bai wuce giram 10 ba, amma suna ƙetare hamada mai faɗin sama da kilomita 1,500. Suna isowa a Satumba da Oktoba, su koma a Maris da Afrilu. Wato da damina yawancinsu ba sa nan. Suna can suna kiwon 'ya'ya a ƙasashen da aka ambata a baya. Sai dai tun cikin Agusta akan fara ganin na gaba-gaba a bakin kogi, musamman wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa da farin ciki da ke bin bakin ruwa yana kaɗa gindinsa sama da ƙasa ba hutawa.

Na uku su ne 'yan ƙaurar cikin Afirka, waɗanda ba sa barin nahiyar, damina kawai suke bi. A 1973 Elgood da Fry da wani abokin aikinsu Robert Dowsett suka buga nazari a kan wannan rukuni a Nijeriya, suka nuna cewa irinsu suna da yawa ƙwarai fiye da yadda aka zata. Su ne ainihin baƙin damina.

Abin da Ake Gani da Damina

Shamuwa. Ita ce mafi ƙanƙanta a danginta, nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya, baƙa ce mai farin ciki. Abincinta fara ce da tsutsotsi da sauran manyan ƙwari, abin da ya sa ta zama abokiyar manomi. Tana yin sheƙa a cikin gari, a kan itatuwa har da rufin ɗakuna, daga ƙasashen Zazzau da Kano zuwa Jamhuriyar Nijar, ta saka ƙwai biyu ko uku. A Kaduna an fi ganinta lokacin wucewa, da farkon damina in za ta arewa, da kuma kaka in za ta koma. Inda take komawa ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Yanzu an san cewa tana ƙetare tsakiyar duniya ne ta tafi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke sauka daga Nuwamba zuwa Maris. An taɓa ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar 'yar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bin sawunta, aka ga sun bi ta gabas har Tanzaniya. Ke nan shamuwa tana cin damina biyu a shekara guda, kuma ba ta san rani ba.

Balbela. Da rani takan bazu har kudancin ƙasar tana bin shanu, tana cafke ƙwarin da sawunsu ke tayarwa. Da damina takan taru a arewa ta yi sheƙa ɗari-ɗari a itace guda. Mai lura zai ga canji a jikinta a wannan lokaci: gashin kanta da ƙirjinta da bayanta yakan yi ja-ja kamar an shafa mata jar ƙasa, alamar ta shirya haihuwa. Da yamma garkunanta sukan bi tsawon kogi zuwa makwanci, kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa a ƙirga su. Balbela gwanar tafiya ce. Da kanta ta ƙetare Tekun Atlantika zuwa Amurka ta Kudu a ƙarni na 19, kuma zuwa shekarun 1950 ta fara haihuwa a ƙasar Amurka.

Cilakowa da shirwa. Dukansu biyu suna matsawa arewa idan ruwa ya kankama, su komo kudu da kaka. Akan ga cilakowa jere-jere, ɗaya na bin ɗaya, suna tashi suna sauka kamar igiyar ruwa. Ranar da aka fara ganin jerin ya nufi arewa da ranar da ya juyo kudu, abubuwa ne da suka cancanci a rubuta.

Masaƙa. Tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da baƙin kai, wanda ake kira kabare a wasu wurare, damina ce lokacin aikinsa. Namijin ne ke saƙa. Yakan tsago ganyen ciyawa ko na kaba siri-siri, ya fara ɗaura zobe a ƙarshen reshe, sannan ya gina ɗaki a kansa, ƙofa tana duban ƙasa. Yana iya gama sheƙa guda cikin yini ɗaya. Daga nan sai ya rataye a ƙarƙashinta yana kaɗa fukafukai yana kiran mace. Idan ta duba ba ta gamsu ba, yakan warware ya sake wata. Rataya sheƙa a ƙarshen reshen da ya sunkuya kan ruwa dabara ce ta tsare ƙwai daga maciji da sauran mahara.

Mulufi. A cikin dogayen ciyayin fadama da gonakin dawa ana ganin wani ɗan tsuntsu ja wur da baƙin ciki. Da rani ba a gane shi, domin namiji da mace duk launin busasshiyar ciyawa gare su. Sai damina ta yi nisa namijin ke sake gashi ya yi wannan ado, ya kama ɗan yankinsa yana kumbura yana korar sauran maza. Wannan ya nuna cewa ba duk tsuntsun da aka fara gani da damina ne baƙo ba. Wani ɗan gida ne da ya sake riga.

Mai ajiye ƙwai a gidan wani. Kusa da sheƙunan masaƙa akan ji wani kuka siriri mai hawa, na wani tsuntsu kore mai ƙyalli da masana ke kira didirik saboda yadda kukan yake. Shi ma baƙon damina ne. Macen ba ta yin sheƙa. Takan faki idon masaƙa ko mulufi ta saka ƙwanta guda a cikin nasu. Idan ɗanta ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan masu gida ba sa rayuwa tare da shi, iyayen riƙo kuwa su yi ta ɗawainiya da shi har ya fi su girma.

Masu barin kogi. Damina tana kawo wasu, tana kuma korar wasu. A manyan kogunan Arewa akwai wani kyakkyawan tsuntsu mai toka-toka da baƙin layi a ido, wanda Turawa suka laƙaba wa tsuntsun kada, bisa wani tsohon labari da ke cewa yana shiga bakin kada ya sakace masa haƙora. Masana ba su sami hujjar da ta tabbatar da labarin ba. Abin da aka tabbatar shi ne yana saka ƙwai a tsibirin yashi da rani, ya binne su da yashi, idan rana ta yi zafi ya jiƙo gashin cikinsa a ruwa ya zo ya sanyaya su. Da zarar kogi ya kawo ya shanye tsibiran, sai ya tashi ya nemi wani wuri. Saboda haka rashin ganin tsuntsu shi ma bayani ne da ake rubutawa.

Sauran Halittu

Littafin tasha ba na tsuntsaye kaɗai ba ne. Daren da aka fara jin kwaɗi bayan ruwan farko, da yammacin da shinge ya tashi tsuntsaye iri-iri suka taru a kansa, da ranar da mazari ya cika sararin fadama, duk suna shiga. A bakin ruwa akan ga guza tana shan hantsi. Da magariba akan ga manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace suna ratsa sama; su ma bincike ya nuna suna matsawa arewa da damina, kuma suna yaɗa irin itatuwa a duk inda suka bi. Haɗa waɗannan bayanai wuri guda shi ke nuna yadda ruwa, ƙwari da tsuntsaye suke ɗaure da juna.

Abin da Aka Daina Gani

An ce sunan Kaduna ya samo asali ne daga jam'in kalmar kada, saboda yawan kadojin da ke kogin a da. Yaron da ya tashi a Tirkaniya a yau zai iya girma bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Haka abin yake ga wasu tsuntsaye. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta da kasuwa, ta yi ƙaranci har a 2015 hukumar duniya mai lura da halittu masu fuskantar ƙarewa ta sanya irin da aka saba gani a gari cikin rukunin da ke bakin halaka. Daga cikin dalilai akwai guba da ake sa wa mushe, da cinikin sassan jikinta don magani, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Rashinta kuwa asara ce ga lafiyar jama'a, domin ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Gauraka ma, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, ya kusa ƙarewa a dazuzzukan ƙasar saboda kamu da bushewar fadamu.

A gaɓar kogin cikin birni matsalolin a fili suke: gine-gine sun ci fadama, ana ɗibar yashi, ana sare itatuwa, ga shara da leda, ga ruwan kwatami da na masana'antu da ke gangarawa kogi. Kowa ya yarda tsuntsaye sun ragu. Amma idan aka tambaya da kashi nawa, tun yaushe, wane iri ne ya fara tafiya, sai a yi shiru, domin ba a ajiye lissafi ba. Hukuma kuwa ba ta aiki da "an ce"; alƙaluma take nema. Wannan giɓi ne ɗaliban sakandare za su iya cikewa.

Yadda Makaranta Za Ta Kafa Tata Tasha

Kayan aikin su ne littafi mai kauri, fensir, agogo, da littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma idan an samu. Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma rashinsa ba ya hana farawa. Ga matakan da za a bi:

1. A zaɓi hanya guda mai tsawon kimanin kilomita ɗaya, wadda ta haɗa bakin kogi da gona da itatuwa. Kada a riƙa canza ta.
2. A zaɓi rana guda a mako, a fita da sassafe bayan fitowar rana, a yi sa'a guda cif.
3. A saman shafi a rubuta kwanan wata, lokacin farawa da na gamawa, yanayin sama, ko an yi ruwa a daren jiya, da inda ruwan kogi ya kai a jikin wani dutse ko ginshiƙin da aka sa wa alama.
4. A rubuta kowane iri da adadinsa da abin da yake yi: ci, saƙa, kwanci ko wucewa. Idan wucewa yake yi, a faɗi inda ya nufa.
5. Idan garke ya yi yawa, a ƙirga goma, a dubi girman wurin da suka cika, a auna sauran da shi.
6. Tsuntsun da ba a gane ba, a zana shi, a faɗi girmansa gwargwadon kurciya ko hankaka, da siffar bakinsa da launin ƙafarsa. Kada a ba shi suna bisa zato. Rubuta "ba a gane ba" ya fi rubuta ƙarya.
7. A tambayi masunta, manoman fadama da makiyaya sunayen tsuntsaye da Hausa, Gbagyi da Fulatanci, a rubuta tare da abin da suka tuna na shekarun baya.
8. A ƙarshen zangon karatu a zana jadawali mai nuna adadin kowane iri mako-mako. Wannan aiki ne da malamin lissafi da na labarin ƙasa za su iya shiga ciki.

Akwai ƙa'idoji da ba a karyawa. Ba a fita sai da malami. Ba a shiga ruwa, domin kogin yakan kawo ba zato a Agusta da Satumba ko da ba a yi ruwa a cikin gari ba, ga kuma haɗarin cutar tsargiya. Ba a taɓa sheƙa ko ƙwai, ba a zuwa da danƙo. Kama tsuntsu don sanya zobe aikin wanda aka horar ne kaɗai. Amma duk wanda ya tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, ya kwafe duk abin da ke rubuce a jikin zoben, da rana da wurin da aka same shi, ya miƙa wa malami don a aika wa cibiyar Jos ko sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa.

Bayanan da aka tara suna da inda za su. Tun 2015 aka fara shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya ƙarƙashin jagorancin cibiyar ta Jos. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai suna aika jerin tsuntsayen da suka gani ta wayar hannu. Makarantar da ta riƙe gida guda tana aika rahotonsa a kai a kai ta ba da gudummawar da masana za su yi amfani da ita.

Kammalawa

An ga cewa aikin tashar nazarin tsuntsaye ya ginu ne a kan abu uku: wuri guda, lokaci guda, da rubutu na gaskiya. Darajar littafin tana ƙaruwa ne da tsufansa. Na shekara guda zai nuna wanda ya zo da wanda ya tafi. Na shekara goma zai nuna ko shamuwa ta fara makara, ko balbela ta ragu, ko wani irin da ba a sani ba ya shigo. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Mutumin da ya ƙirƙiro zoben tsuntsaye malamin makaranta ne, kuma ɗalibin aji ɗaya da ya buɗe shafin farko a daminar bana zai iya barin wa na bayansa lissafin damina shida kafin ya gama sakandare.

Tambayoyi Don Nazari

1. Kawo dalilai biyu da suka sa aka fi kafa tashoshin nazarin tsuntsaye a bakin teku. Ta wace fuska babban kogi ya yi kama da gaɓar teku?
2. Bayyana alaƙar da ke tsakanin iskoki biyu na Afirka ta Yamma da zuwan shamuwa.
3. Mene ne bambanci tsakanin baƙin Turai da 'yan ƙaurar cikin Afirka? A waɗanne watanni ake sa ran ganin kowane rukuni a Kaduna?
4. Me ya sa mulufi ba ya cikin baƙin damina, alhali da damina aka fi ganinsa?
5. Tambayi wani dattijo a unguwarku sunayen tsuntsaye biyar da ya saba gani yana yaro waɗanda ba ya gani yanzu. Rubuta abin da yake ganin ya kore su.